Mesar da Kabo Yake Kira Hajja

Ƙanena Kabo direban raksha ne, keken haya mai ƙafa uku, a Umdurman, kuma duk zuriyarmu shi kaɗai ne zai ga maciji ya ce masha Allah. A Jazira aka haife mu, cikin gonakin auduga, inda mahaifinmu ba ya barin maciji ya wuce da rai. Kabo kuwa tun yana ƙarami sai ya tsuguna yana kallo har sai an make masa ƙeya.

Da muka dawo birni na ɗauka abin ya sake shi. Ashe gaba ya yi. Ya sayi tsohuwar kyamara a kasuwar Suk al-Shabi, duk safiyar Juma'a ya nufi bakin kogi can wajen Jabal Auliya. Sai ya kwanta rub da ciki a cikin taɓo, ƙuda na yawo a fuskarsa bai kora ba, yana jiran kububuwa ta fito shan hantsi. Ya dawo da jallabiya kamar an ja shi a ƙasa. Ni ce mai wankin, don haka ina da bakin magana.

"Yaya Hadizatu, dubi idon nan don Allah," zai ce, ya tura mini kyamarar a gaba.

"Kawar mini da shi, abinci nake ci."

Cikin macizansa akwai wata tsohuwar mesa da ke zaune a ramin wani kangon wurin gasa bulo. Tana da farin tabo a gadon baya, mai lanƙwasa, inda fartanyar wani ta taɓa samunta. Hajja yake ce mata, wai don ba ta gaggawa. Ya daɗe yana zarya kafin ta saba da shi har ya riƙa matsowa ya ɗauki hoton harshenta a waje. Ba ya faɗa wa mutane inda take. Ko a hoto ba ya barin bishiya ko bango ya fito, domin a kasuwar Umdurman fatar mesa ake nema ruwa a jallo, da ita ake ɗinka markub, takalmin da manya da angwaye suke taƙama da shi.

Mutum ɗaya tak Kabo ya taɓa kaiwa wurin, Muhajir, amininsa tun Jazira, wanda suka tashi suna cin tuwo a kwano ɗaya. Sana'ar Muhajir ɗinkin markub ce, kuma na faɗa wa Kabo hakan kamar bai sani ba. Dariya ya yi mini. A gabana Muhajir ya dafa ƙirji ya ce, "Wallahi ya zol, mutumina, gani kawai zan yi. Sirrinka ya mutu a cikina."

Ana shirin auren Kabo da Mayada sai Hajja ta ɓata. Ya yi ta komawa yana dawowa shiru. Yakan ce mini ambaliya ce ta tashe ta, za ta dawo.

Ranar lallen ango, da la'asar, tsakar gida ya cika. Ina shafa masa lalle a tafin hannu sai ga Muhajir da ƙunshi, yana washe baki. Ya kwance a gaban kowa. Markub ne na fatar mesa, sai sheƙi yake, mata suka ɗauki guɗa. Kabo ya ƙura wa takalmin ido. A saman ƙafar dama ga farin tabon nan mai lanƙwasa.

"Ita ce, ya ango," in ji Muhajir. "Da hannuna na jeme, ban bar kowa ya taɓa ba. Ta tsufa, ko ban kama ba wani zai kama. Halas, shi ke nan, yanzu tana ƙafarka, ba sai ka kwanta a taɓo ba."

Ni ce na so in watsa wa Muhajir kwanon lallen, idon baƙi ya hana ni. Da farko na ce ko wauta ce, mutumin ya ɗauka karamci ya yi. Bayan biki na bi ta rumfarsa na ga sauran Hajja a jere a kan katako, ƙafa-ƙafa, ana taya su. Ban yafe masa ba, kuma ba na jin zan yafe.

Da tsohon silifas ɗinsa Kabo ya je ɗaurin aure, dangin amarya suna ta kallon ƙafarsa. Markubin kuwa ya mayar da shi ramin ya tura ƙasa.

Har yau yana fita ranar Juma'a, shi kaɗai, ya dawo da taɓo. Sai dai kyamarar ba ta ƙara zuwa gabana ba. Kwanaki na ture kwanon abincina na ce, "Kawo in ga na yau mana."

Ya dube ni, ya mayar da ita jaka, ya ja zif.

"Ba komai a ciki, Yaya," in ji shi.