Lambar Burma a Wuyan Bunsuru

Ko yau na matsa lemon tsami a toka zan goge tukunya, sai Kaka ya faɗo mini a rai. Da haka yake goge lambar girman da Turawan Ingila suka ba shi bayan yaƙin Burma, yana zaune a zauren gidanmu na Dawaki. Duk shekara, idan auduga ta fara shigowa gari, akwai ranar da tsofaffin sojoji ke fareti. Sai ya maƙala lambar a ƙirji, ya ce, "Mu da Ingila amana ce, tare muka zubar da jini."

Sai yaƙin basasa ya zo. Bappa, autan Kaka, ya shiga soja. Wata la'asar muka ji a rediyo wai Ingila ta ƙi sayar mana da jiragen yaƙi, Rasha ce ta kawo, mutanen da aka sha gaya mana ko Allah ba su sani ba. Kafin damina ta ɗauke aka kawo akwatin Bappa na ƙarfe, da bargo da carbi a ciki. Gawarsa ba mu gani ba.

Ko rashin jiragen ne sanadi, Allah Masani. Kaka dai ya riga ya yanke hukunci.

Da ranar fareti ta zagayo, Baturen gidan gurzar auduga, wanda ya saba ɗaukar tsofaffin sojoji a motarsa, ya tsaya a ƙofar gida. Ina leƙe ta bayan Goggo, 'yar Kaka. Kaka ya fito janye da bunsurunmu mai warin nan, lambar tana reto a wuyan bunsurun.

"Ga sojan Sarauniya, ranka ya daɗe. Kai shi. Shi bai san ciwon ɗa ba."

Baturen ya yi jawur har kunne, ya ja motarsa.

Goggo ta ce, "Haba Baba, ka ji tsoron Allah mana!"

Ya ce, "Shi kaɗai nake tsoro yanzu."

Sati guda bunsurun nan yana yawo da lambar, har bakin kasuwa.

Yanzu jikokina kan nuna mini a waya cewa ƙasashe maƙwabtanmu sun kori tsofaffin Turawan da suka mulke su, sun rungumi wasu. Na sani sarai, sababbin ma ba don Allah suka zo ba. Ni ce mai koya wa yaran nan yafiya, ni da ko yankan kaza ba na iya kallo. Amma ranar da na ga ana kwashe wa tsofaffin Turawan kaya ana zubawa a jirgi, wallahi sanyi na ji a raina. Na yi istigfari sau uku. Sanyin bai tafi ba.