Murdina Ta Daina Ɗaga Yatsa

Shekara talatin da ɗaya Murdina Gillies ta yi tana raba wasiƙu a kwarin Arrach, cikin tsaunukan arewacin Scotland, a kan hanyar da ba ta taɓa ƙauna ba. Sojojin sarki ne suka sare ta kusan shekara ɗari uku da suka wuce, daidai faɗin keken igwa guda, domin su riƙa isa da wuri in za su ƙona gidajen kakanninta. Kakarta ba ta taɓa haye gadar dutsen da suka gina ba tare da ta tofa yawu ba.

Abin da mutanen kwarin suka ƙara wa hanyar shi ne ladabi. Mota biyu ba sa wuce juna sai a wuraren raɓewa, kuma ranar da ƙanƙara ta sauka, mai gangarowa ne ke raɓewa, domin mai hawa in ya tsaya ba zai sake tashi ba. Wanda aka raɓe masa sai ya ɗaga yatsa ɗaya daga sitiyari. Iyakar godiyar ke nan, kuma ko maƙiyi ba a hana shi.

Wata safiya a watan Janairu, ta ɗauko allurar ciwon sukari ta tsoho Torquil, mai gidan ƙarshe a hanyar, wanda tasa ta ƙare tun jiya. Ta haye gada, ta kama hawa, sai ga Ruaridh, ɗan ƙanenta, yana gangarowa a motarsa da baƙi maharban barewa. A kan idonta ya wuce wurin raɓewa, don kada jirgin ƙasa ya bar baƙinsa. Dole ta taka birki. Motarta ta tsaya, ta zame da baya, ta kwanta cikin rami.

Ya fito yana ta ba da haƙuri, wai ya zaci zai riga ta kaiwa gada, ga shi babu wurin juyawa balle ya kai ta sama.

"Gwaggo, bari in sauke su a tasha, in dawo in ja ki."

"A kan wannan hawan na koya maka tuƙi, Ruaridh. Sojojin da suka yi hanyar baƙi ne, ba su san mu ba. Kai fa?"

Ɗaya daga cikin maharban ya tambaya ko wannan ce tsohuwar gadar sojoji. Ta ce ita ce, kuma har yau ba ta fasa kawo wa kwarin irinsa ba.

Ta rataya jaka, ta taka mil huɗu cikin ƙanƙarar da ta kai mata gwiwa. Ta tarar da Torquil a gaban murhun da ya mutu, leɓɓansa a bushe, idanu sun faɗa. Duk da haka sai da ya tambaye ta ko kwalliya ta tsaya yi. Ta yi masa allura, ta hura wuta, ta zauna har ya iya riƙe kofin shayi da kansa.

Ba ta kai ƙarar Ruaridh wurin kowa ba, ko ubansa ba ta gaya wa ba. Yatsanta kawai ta hana shi. Cikin mako guda duk kwarin ya lura.

Bara ta ajiye aiki, amma tana tuƙi zuwa coci. Har yau, in Ruaridh ya hango motarta, sanyi ko bazara, raɓewa yake yi tun daga nesa ya jira. Ita kuwa ta wuce, yatsu goma a kan sitiyari.