Filogin da ya kusa ɓata maganin Inna

Warin roba mai ƙonewa ne ya fiddo ni daga ɗaki jiya da azahar. Ina leƙawa sai na ga hayaƙi na tashi bayan firigo. A ciki muke aje allurar ciwon suga ta Inna, allurar kuwa ba ta jure zafi, ga Konni ta ɗau rana.

Na ruga na kashe wutar gidan. Ashe filogin da na sayo ran kasuwar Illela ne, wanda mai shi ya rantse mani yana rage wa firigo shan wuta. Ya narke, ya manne da bango.

Na kira maƙwabcinmu Malam Sahabi mai gyaran wuta. Ya ɓamɓare filogin, ya fasa shi.

"Baba, firigon ya mutu?" na tambaye shi.

"Sai mun gwada. Amma ɗiyata, duba nan. 'Yar fitila ce da siririyar waya. Mi za su rage maki? Ki tsare rufe ƙofar firigo, ya fi maki wanga abu."

Ya canza wayar da ta ƙone, ya ce in mayar da wuta. Firigo shiru. Inna na tsaye bakin ƙofa. Can sai munka ji injin ya yi gurnani ya tashi. Na zauna ƙasa, na yi hamdala.

Garin neman sauƙi na kusa jawo wa mahaifiyata wahala. Ku da kunka taɓa sayen irinsa, don Allah mi kunka gani?