Tomas da Tsuntsun Ƙoramar Barkiya

Tomas mai fasa dutse ya zo Dutsin-Ma a 1955 daga duwatsun Jos, da gudumarsa biyu. Matarsa Lai'atu ta ƙi biyo shi. Ta ce ta ji labarin ƙasar, wai mata sai sun tona yashi kafin su sami na sha. Ta ce ya nemo inda ruwa ke gudu rani da damina, ranar nan za ta ɗaura kaya.

A garinsu ba a kafa gida sai an ga wani ɗan tsuntsu mai ruwan toka a rafi. Yakan tsaya kan dutse tsakiyar ruwa yana kaɗa wutsiya, kukansa siriri amma ya fi ƙarar ruwan. Inda ya zauna, ruwa ba ya ƙafewa. Tun da masu haƙar kuza suka gurɓata rafuka, ko a can ya yi wuyar gani.

Shekara uku Tomas yana cin tuwo shi kaɗai. Ba wanda ya ƙi shi, sai dai gaisuwar hanya ba ta raka mutum ɗaki. Kaɗaici ya ci shi ƙwarai.

A damina ta huɗu aikin hanya ya kai shi Barkiya. Yana wanke fuska a wata ƙorama da ke gangarowa tsakanin duwatsu, sai ya ji kukan. Ga tsuntsun nan, ko ɗan'uwansa, yana ta kaɗa wutsiya. Ƙato da shi, ya zauna ya yi hawaye.

Mai gonar wurin, Malam Jibo, ya ba shi fili, amma ya ce, "Tomas, ƙoramar nan baƙuwa ce. Kafin a gama yankan dawa ta tafi." Tomas ya yi godiya da ladabi, a ransa kuwa yana ganin tsuntsu ya fi malam sanin ruwa. Ya gina ɗaki, ya dasa gwaiba, ya aika wa Lai'atu takarda cewa ya samo.

Aka yanke dawa, ƙorama ta koma yashi, tsuntsu ya yi gaba. Kunya ta hana Tomas faɗin gaskiya. Takardarsa ta biyu layi ɗaya ce: ta dakata tukuna.

Malam Jibo ya sha gaya masa ya ɗauko matarsa, ga rijiya kusa, matan gari ba su mutu ba. Shi kuwa taurin kai, ya ce ruwa mai gudu ya yi alkawari. Kowane rani yana yawon duwatsun Kurfi yana kasa kunne. In ya je gida Kirsimeti, amsarsa ɗaya ce, saura kaɗan.

A 1964 wan matarsa Enoch ya same shi a bakin aiki, ya ce Lai'atu ta rasu, zazzaɓin kwana huɗu. Tomas ya ce bai samo mata ruwan ba.

"Wane ruwa?" in ji Enoch. "Tsoro ne ya sa ta faɗa, tana yarinya. Kullum tana cewa ko rijiya ce za ta ja. Jira take ka ce ta zo."