Bokitin da Ya Hana Malam Hawa Sama

Ni dai ban yi boko ba, amma na san wuta. A unguwarmu Hayin Banki ta Kaduna, in aka ga harshenta bisa kan mutum, ba a tsayawa tambaya, bokiti ake ɗauka.

Wata shekara maƙwabcinmu bakanike ya gyara wata tsohuwar bas, ya sa mata katifa da risho da duron ruwa, ta koma ɗaki mai taya. A cikinta muka tafi filin bajekoli, mu da iyalinsa, kallon balan-balan ɗin da Turawa suka kawo. Kowanne ya fi masallacin unguwarmu girma, ga kwando rataye a gindinsa.

Ina cikin motar ina dama kunu, matar bakaniken ta leƙo ta ce, "Maman yara, ga mijinki can a kwando kamar kazar kasuwa."

Na duba, Malam ne kuwa da babbar rigarsa. Bature ya ja wani ƙarfe, wuta ta yi gurnani a saman hularsa. 'Ya'ya shida gare ni, ban shirya takaba ba. Na cika bokiti, na keta jama'a ina salati, na sheƙa. Rabi Malam, rabi Bature.

Aka fito da shi yana ɗiga. Ya ce, "Ke, wutar ce fa ke ɗaga shi!"

Na ce, "To, ta ɗaga mijin wata."

Shekara ashirin yana mitar na hana shi ganin Kaduna daga sama. Allah ya jiƙansa, a kan katifarsa ya cika, ba a kwando ba.