Ranar da Tsohuwa Ta Sha Man Gyaɗa

Ni dai ban yi nisa a makaranta ba. Malam na rubuta Faransanci a allo, ni ina leƙen motoci ta taga, kafin shekara ta zagayo aka same ni a garaj ina wanke sifana. Abin da na sani na ƙarfe, ƙarfen ne ya koya mini, galibi ta hanyar fasa mini yatsa.

Motata bashe ce, mai buɗaɗɗen baya, mai ja da ƙafa huɗu. Tsohuwa nake kiranta, kuma ba ƙarya na yi mata ba. Daga Garwa nake kwasar 'yan kasuwa, mu bi kwalta har Figil, sannan mu saki titi mu nufi kasuwannin gindin duwatsu, inda hanya takan zama abin da direba ya ce ita ce hanya. Ba ni da gona, ba ni da shago. Tukunyar gidana a kan tayoyin nan huɗu take.

Na yi mata gyare-gyaren da ko masu ƙera ta ba za su gane 'yarsu ba. Na ƙara mata ƙarafan sifirin har ta ɗaga gindi kamar zakara. Na yi mata hanci da bututun famfo, na miƙa shi har saman rufi don ta shaƙi iska ko tana cikin ruwa. Abin alfaharina kuwa tanki ne: na cire nata, na sa aka liƙa mata wani dogo na tsohuwar babbar mota, wai don ranar da zuwa-zuwa, man nan da ake tsallako da shi daga iyaka, ya yi araha in cika shi. Ranar ba ta taɓa zuwa ba.

A tasharmu akwai wata ƙa'ida da muka gada: mai yana da nauyi, motar da ta ɗauki mai da yawa, shan mai take don ta ɗauki mai. Saboda haka kowa daidai tafiyarsa yake zuba gazuwal, wato man dizal. Allurar gejina ta mutu tuntuni, da karan dawa nake awo. In tsoma, in zaro, in ya jiƙe kamar gaɓar yatsa biyu in ce bismillah. Tankin da ya fi na kowa girma a tasha, man da ya fi na kowa ƙanƙanta. Baturi ma ya gaji, shi ya sa kullum a gangare nake ajiye ta, in sake ta ta mirgina ta tashi.

Ranar da nake ba ku labari damina ce, mun taso daga kasuwa da la'asar sakaliya. Rana tas a kanmu, amma can kan duwatsu hadari ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. A gaba kusa da ni akwai wata 'yar kasuwa, mutuniyar dutse, Kirista, wadda ta daɗe tana hawa motata. Man gyaɗa take sarowa a ƙauyuka ta kai Garwa, bakinta kuwa ya fi reza. A baya, kan buhuna, akwai wani dattijo Bafillace da sauran fasinjoji.

Akwai wani mayo a hanyar, rafi mai faɗi, yashi ne zalla sai in an yi ruwa a sama. Muka gangara, muka ratsa yashin lafiya, muka kama hawan ɗaya gaɓar, mai tsayi, duk duwatsu. Tsohuwa ta ɗaga hanci sama, ta yi tari, ta sake yi, ta yi shiru.

Nan take na san abin da ya faru. Bututun da ke zuƙo mai a gaban tankin yake. Da ta miƙe tsaye, ɗan man ya gudu can ƙarshen dogon tankina, inji ya zuƙi iska. Injin gazuwal kuwa in ya haɗiyi iska, sai an fitar masa da ita da hannu.

Na danne birki, na ce a sa dutse a bayan taya. Na fito ina murmushi irin na wanda ya saba.

"Baba shofer," in ji matar, don haka ake kiran direba a wajenmu, "yau ma karan dawan ne ya yi ƙarya?"

"Mama, hutawa take yi. Ke ba kya hutawa?"

Dattijon nan bai yi dariya ba. Ya miƙe tsaye kan buhuna, ya karkata kai wajen duwatsu. Sai ya ce a hankali, "Ndiyam." Ruwa ke nan da Fillanci.

Na kasa kunne. Wani gurnani ne can nesa, kamar manyan motoci sun jero a kan gada. Iska mai sanyi ta biyo rafin, da warin danyar ƙasa. A bakin Binuwai aka haife ni, amma ko a baho ban iya iyo ba. Kuma na taɓa ganin abin da mayo ya yi wa wata mota: an tsince ta bayan damina, yashi har sitiyari.

Fasinjoji suka dire, suka haye tudu da abin da hannu ya iya ɗauka, dattijon kaɗai ya tsaya gefen mota. Turawa ba ta taso ba, hawan ya fi ƙarfin mutum. In na koma kan yashi man zai dawo gaba, amma da na sake hawa zai sake gudu. Mai ake bukata, mai yawa, yanzu. Babu gida, babu bukka, sai ƙaya.

"Baba, bar ta! Hau nan!" matar ta ƙwala daga sama.

"In bar ta in ci me?"

Sai idona ya faɗa kan jarkokinta. Na taɓa jin tsofaffin direbobi na cewa injin zamanin da, in ya matsu, yana shan man girki. Ban taɓa gwadawa ba.

"Mama, manki!"

Ta dube ni, ta dubi rafi. "Yesu! Motar ce za ta soya ƙosai?" Amma tana faɗa tana saukowa, zani a ɗaure sama da gwiwa. Ita ta kinkimi jarka, ni na riƙe mazurari, man na bin hannun rigata. Mai kauri, yana tafiya a hankali kamar ba shi da labarin komai.

Na buɗe bonet, na sassauta noti, na hau danna ɗan famfon hannu. Kumfa. Kumfa. Ban waiwaya ba, amma kunnena ya waiwaya. Gurnanin ya zama ruri, ana jin itatuwa na karyewa a ciki. Da na saci kallo, sai na ga bakin ruwan ya ɓullo daga kwana, ja kamar kunun kanwa, yana tura kututture da gawar akuya a gabansa. Bakina ya manta duk addu'ar da ya sani, sai bismillar cin abinci nake ta maimaitawa.

Mai ya fito ba kumfa. Na ɗaure noti, na faɗa kujera, na murɗa makulli. Baturi ya yi nishi sau ɗaya irin na mai jinya, ya mutu.

Saura hanya guda, wadda nake tayar da ita kullum: gangare. Amma gangaren nan baya yake, cikin rafi, kuma ruwa ya riga ya shafe yashin da muka taka.

Na sa giyar baya, na taka kulochi. Na leƙa na ce wa dattijon, "Baffa, cire dutsen." Ya dube ni kamar mai kallon gawa. Ya sa sandarsa ya zungure shi.

Tsohuwa ta fara zamewa. A madubi babu komai sai jan ruwa. Na bari ta ɗauki gudu, duk jikina na cewa taka birki, na ji tayoyin baya sun faɗa ruwa, na ji ya bugi gindinta ta karkace. Na saki kulochi.

Ta yi tsalle, ta shaƙe, ta yi wani irin tari, sannan ta kama. Ban san lokacin da na cusa giyar ƙarfi ba. Tayoyi suka yi ta karta dutse, ruwa na jan baya, gaba na jan sama, ni ina ihu ina kiranta da sunayen da ban taɓa kiran matata da su ba. Muka fito.

A kan tudu na sauko, na zauna a ƙasa. Inda muka tsaya ɗazu ruwa ne ke juya wata bishiya da saiwoyinta. Wani hayaƙi fari ya lulluɓe mu, kowa ya buɗe hanci. Ƙanshin suya ne sak.

"To Baba shofer," in ji matar, "tunda ka hura wuta, ina ƙullun?"

Har muka shiga Garwa karnuka na bin mu. 'Yan tasha suka yi ta tambayata ko da yaji nake sayarwa.

Tsohuwa na nan, tankin na nan, karan dawan ma na nan, sai dai yanzu sai ya jiƙe har tafin hannu nake tayar da ita. Abin da ban gaya wa 'yan tasha ba shi ne, in maƙwabciyarmu ta ɗora kaskon ƙosai da safe, ƙanshin ya shigo ta taga, nakan ajiye kofin shayi in kasa kunne wajen duwatsu.