Rabin Awa a Gidan Ruwan Usuma

Ana idar da sallar asuba muka bar harabar jami'a, ni da ɗalibaina goma sha takwas 'yan ajin ƙarshe a sashen kemistiri, da direba, da akwati biyu na kwalaben ɗiban ruwa. Bas ɗin sashe muka hau, wadda ta girmi wasu daga cikin fasinjojinta, sai da samarin suka tura ta sannan ta yarda ta tashi. Abuja muka nufa, inda gwamnati ta tattara komatsanta daga Legas ta koma watannin nan, don yaran su ga yadda ake tace ruwan da babban birnin ƙasa yake sha. Shekara bakwai ke nan ina koyar da awon ruwa da gyaransa, amma in gaya muku gaskiya, ni kaina ban taɓa shiga babban gidan ruwa ba, sai dai hotonsa a littafi.

Akwai mutum ɗaya a motar wanda tafiyar ba yawon buɗe ido ba ce a wurinsa. 'Yan ajin suna kiransa Hedimasta, domin shugaban wata firamare ne a ƙauyensu kafin ya ajiye alli ya zo neman digiri. Furfura ta fara leƙo masa a gemu, ya baro mata da 'ya'ya biyar a gida. Sau biyu yana faɗuwa jarrabawar ɗakin gwaji a darasina, kuma duka biyun dalili ɗaya ne: kowa ya gama ya miƙa takarda, shi yana tsaye yana kallon kofuna, rabin takardarsa fari fat. Sashe ya yanke cewa rahoton wannan tafiya ne damarsa ta ƙarshe. In ya faɗi, sai ya tattara ya koma ƙauye hannu rabbana bayan shekara biyar. Ni ne mai duba rahoton, kuma Allah ya sani, tun kafin mu tashi na riga na yanke a raina cewa mutumin nan sanyin jiki ya yi masa yawa, ba zai kai labari ba.

Hantsi ya same mu a Kaduna. Daga nan hanya ta zama filin aiki, ana raba ta biyu, katafila a nan, tulin tsakuwa a can, mai jar tuta ya tsayar da ku, mai koriya ya sake ku. Direbanmu mutum ne da bai taɓa ganin hanyar da ta gamshe shi ba, ya yi ta mita har Tafa, inda gasasshiyar doya da manja suka rufe masa baki. Muna wuce Suleja sai ga Dutsen Zuma ya tare sama. Yaran da suka cika mota da surutu tun safe suka koma tagogi suna leƙe. Na sha ganinsa a hoto, amma hoto bai gaya mini cewa sai mutum ya ɗaga kai har hularsa ta nemi faɗuwa ba. Na ji bakina yana ta subhanallahi ba tare da na sa shi ba.

A Zuba muka ci karo da gwamnati da kanta tana ƙaura. Manyan motoci ne suke fitowa ta hanyar Tungan Maje, ɗaya bayan ɗaya, sun kwaso ofisoshin Legas: kabad-kabad na ƙarfe, tebura ƙafafu a sama, fayil-fayil an ɗaure da igiya an rufa musu tamfol. A saman wata motar wani ma'aikaci ya zauna daram a kujerar ofis, ya rungume fanka, kamar yana jiran a kawo masa takardar sa hannu. Muka yi dariya, amma abin ya taɓa ni. Ban taɓa zaton zan ga ranar da za a ɗora ƙasa guda a bayan mota ba.

Birnin kuwa, sai wanda ya gani. Tituna shimfiɗe, faɗinsu ya isa a yi sallar idi, babu akuya babu mai amalanke. Gine-gine suna tasowa ta ko'ina, ƙugiyoyin ɗaga kaya suna juyawa a sama, ƙubbar babban masallaci tana walƙiya, can baya kuma Dutsen Aso ya kafa ya tsare. Direba ya ɓata har sau uku, domin babu ko mai tallan goro a bakin titi da za a tambaya. Wanda ya cece mu wani mai shayi ne a gindin wani gini da ba a gama ba, mutumin wajen Gumel, leburori kewaye da shi. Ya kwatanta mana hanya, ya ƙara da cewa mu ci abinci kafin mu shiga unguwar manya. Ba mu ji shawararsa ba, muka ci sakwara a wata rumfa kusa da sakatariya, a farashin da ya sa 'yan matan ajin suka ce a can gida da an gayyato maƙwabta.

A wata makaranta wajen Bwari aka ba mu masauki. Tun la'asar hadari ya haɗu, aka tafka ruwa irin na farkon damina wanda yake wanke gonaki ya kwashe jar ƙasa. Da safe muka bi ta Ushafa. A bakin hanya muka ga matan Gbagyi suna ɗauke da tukwane da tuluna a kafaɗa, ba a ka ba, suna tafiya a miƙe kamar ba su ɗauki komai ba. Muna shan kwana sai ga dam ɗin Usuma a tsakanin duwatsu, ruwa iyakar ganinka, hazo yana tashi a kansa. Ni mutumin rijiya ne, na tashi inda ake zura guga gaba goma sha biyar. Na tsaya a bakin ruwan nan na daɗe ina kallo.

Wanda ya zagaya da mu gidan ruwan wani dattijo ne ɗan Ushafa, kowa Baba yake ce masa. Bai yi digiri ba, amma yana wurin tun ana haƙa harsashi. Ya nuna mana inda ruwan yake shigowa jajawur saboda ruwan saman jiya, ya gangara kan matakala yana shan iska, a zuba masa alif, ya shiga manyan tankuna inda dattin yake dunƙulewa ya kwanta, ya bi ta yashi da tsakuwa, a ƙarshe a sa masa kulorin. A ƙarshen layin Baba ya buɗe famfo ya tara kofi. Ruwan da muka gani kamar kunun kanwa minti kaɗan da suka wuce a can farko, ga ɗan'uwansa garai-garai. Shekara bakwai ina zana wannan a allo, amma sai ranar na yarda har zuciyata cewa gaskiya ne.

Daga nan muka shiga ɗakin gwaji. Baba ya ce ruwan ya canza tun safe, lokacin sake gwajin alif ya yi, tun da kuma ga 'yan jami'a, su yi. Gwajin ba baƙo ba ne a wurinsu. Kofuna shida ake jerawa cike da ɗanyen ruwa, a zuba alif kaɗan a na farko, a yi ta ƙarawa har na shida, a juya, a bari ya kwanta, kofin da ya fi tsarki shi zai nuna adadin da za a zuba wa ruwan gari. Yaran suka yi aikin da sauri da tsabta, har ina jin kaina yana kumbura. Injin juyawa yana tsayawa, ba a yi minti biyar ba, kofi na shida ya yi manyan curi suna gangarawa ƙasa. Gaba ɗaya suka rubuta shida, suka rufe littattafai, wasu har sun fara leƙen taga.

Sai Hedimasta. Ya jawo kujera ya zauna gaban kofunan, ya cire agogonsa ya ajiye a tebur, ya yi tagumi. Raina ya ɓaci, na ce yau ma a gaban baƙi zai kunyata ni. Na matsa kusa na yi ƙasa da murya na ce masa ya rubuta mu tafi, mutane suna da aikin yi.

"Malam, ka yi haƙuri," in ji shi. "Littafi rabin awa ya ce. Saura minti ashirin da huɗu."

Na buɗe baki zan yi magana, Baba ya dafa hannuna.

"Oga, ka bar shi," ya ce. "Wannan ruwa bai gama magana ba. Mu a nan ko minista ya zo, sai ya jira."

Haka muka tsaya, mutum ashirin, muna kallon kofuna shida. Ban taɓa sanin rabin awa tana da tsawo haka ba. A hankali abin ya fara juyawa a gaban idonmu. Kofi na uku, wanda ba wanda ya kula shi, dattinsa ya yi ta sauka sannu sannu har samansa ya zama kamar babu ruwa a ciki. Na shida kuwa, bayan manyan curin sun kwanta, sai wani farin hazo ya tsaya a sama ya ƙi tafiya. Da lokaci ya cika Hedimasta ya ɗebi na shidan ya auna tsaminsa, ya nuna mini ba tare da ya kalli fuskata ba. Alif ya yi yawa, ruwan ya yi tsamin da zai ci bututu. Ya ɗauki biro ya rubuta uku.

A take na gane inda yaran suka samo minti biyar ɗin nan. A wurina suka samo. Injin juyawa ɗaya ne a ɗakin gwajinmu, ɗalibai rukuni-rukuni, darasi awa biyu. Ni da bakina nake cewa a karanta kofi da wuri a ba na baya wuri, har abin ya zama doka, har jarrabawa ma a kan haka nake tsara ta. Mutum goma sha bakwai sun bi abin da na koya musu sun yi kuskure. Mutum ɗaya ya ƙi, shi ne na kayar sau biyu.

Baba ya ɗaga kofunan ɗaya bayan ɗaya ya duba a hasken taga, ya sake awon da kansa, ya gyaɗa kai. Sannan ya kama hannun Hedimasta ya ja shi har inda ake sakin alif, mu kuma muna biye. Ya nuna masa makunnin, ya ce tun da shi ya karanta, shi zai murɗa. Hedimasta ya murɗa har inda aka nuna masa. Ya tsaya yana kallon jan ruwan yana wucewa ƙarƙashin ƙafafunmu, sannan ya tambayi Baba ko da wannan ruwan za a yi alwala a babban masallacin nan da muka gani jiya.

"Masallaci, coci, asibiti, duka," in ji Baba. "Famfo ɗaya ne."

Hedimasta ya juya mana baya, ya daɗe yana goge gilashin idonsa da bakin riga. Ba wanda ya tsokane shi, har waɗanda tsokanarsa ce abincinsu.

Washegari muka kamo hanyar gida da kwalabenmu cike da samfur. Motocin Legas suna ta shigowa ta Zuba, mu muna fita. Direba ya ci gaba da mitarsa daga inda ya tsaya, yaran suka yi ta barci, muka shiga harabar jami'a ana kiran magariba. Da muka sauka Hedimasta ya zo ya rusuna ya tambaye ni ranar da zai kawo rahoto. Na ce duk ranar da ya gama. Shi ne na ƙarshe da ya kawo, kamar kullum, kuma babu layi ɗaya a ciki da zan iya ja da jan biro. Ya ci, zai koma ƙauyensu da digirinsa. Na je wurin shugaban sashe na faɗi laifina da bakina, aka mayar da darasin awa uku.

Na je Abuja in nuna wa yara yadda ake gyara ruwa, na dawo na san cewa gaggawar malami tana shiga hannun ɗalibi ta zauna, shi kuma ya ɗauka ilimi ne. Wannan ne ya sa na buɗe kabad na fito da takardun jarrabawar shekarun baya. Na sami guda biyu irin na Hedimasta, rabin farko daidai, rabi na biyu fari fat, da jan birona a ƙasa. Na tuna fuskokinsu, ɗaya mace ce mai yawan shiru. Dukansu an sallame su tuntuni. Na tambayi ofishin sashe ko akwai adireshinsu, aka ce ba a ajiye na waɗanda ba su gama ba.